Makullin Ɗakin Baƙi

A cikin tarin makullan da dillali ya damƙa masa ranar da aka gama cinikin gidan, ɗaya ne kawai bai yi tsatsa ba. Sauran duk sun yi ja, wasu sai an ɗiga musu mai kafin su juya. Shi kuwa wannan kansa ya lashe, ya yi sumul yana ƙyalli, irin na abin da ya daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu. Mai Gilashi ya lura da shi ne don sana'arsa ke nan. Tagogi da ƙofofi yake haɗawa, idonsa ba ya wuce makulli bai tsaya ba. Ya juya shi a tafin hannu, ya tambayi dillali na wace ƙofa ne.

"Na ɗakin baƙi ne, wanda ke ƙasa kusa da ƙofar shiga," in ji dillali, yana kallon wani waje. "Mai gidan na da mutum ne mai son jama'a."

Gidan bene ne, ya fi ƙarfin Mai Gilashi nesa ba kusa ba in ba don an karyar da shi ba. Bai tambayi dalilin arahar ba. Sai da suka tare sannan gidan ya fara nuna halinsa. Ruwan sama na farko ya sauko ta silin ɗin ɗakin yara. Wayoyin wuta an yi musu haɗin gambiza, in aka jona dutsen guga sai fitilar banɗaki ta mutu. Famfon kicin kuwa sai ya yi kuka kamar akuya kafin ya kawo ruwa.

"Baban yara," in ji matarsa wata safiya, tana jera bokitai ƙarƙashin yoyo, "gida ka saya mana, ko mara lafiya ka ɗauko mana jinya?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Duk abin da ya tara ya tafi a gidan, ga shago ya yi sanyi. Wani sabon kamfani da ya buɗe a bakin titi da injuna masu yanka gilashi cikin ƙiftawar ido ya janye masa mutane. Dangin matarsa kuma sun fara 'yar magana, wai ya ɗauki kayan da wuyansa ba zai iya ba.

Ɗaki ɗaya ne a gidan babu abin da ke damunsa, ɗakin baƙi. Bangonsa a bushe, fentinsa kamar jiya aka shafa, kuma ko ana zafin da ke narka kwalta, in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka.

Akwai wata matsalar da mai gyara ba ya gyarawa. Mutane ne ke zuwa. Wata rana mace ce da goyo, ta tsaya a bakin get tana tambayar ko an bar wani abu na mijinta, wai ya taɓa sauka a nan lokacin da ya zo neman aiki. Matar Mai Gilashi ta tambaye ta ina mijin yake yanzu. Sai ta gyara goyonta ta juya. Wata rana kuma wani dattijo ne, bai yi sallama ba, bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallon tagar ɗakin baƙi, ya tofar da yawu, ya tafi.

Mai gyaran famfo ne ya tono abin. Yana bin wani bututu da ke tsiyaya, bututun ya bi ta ƙarƙashin ɗakin baƙi, dole ya ɗaga tayil a kusurwar da kan gado yake. Can Mai Gilashi ya ji ƙarar guduma ta tsaya. Da ya leƙa, ya tarar da mutumin yana tattara kayan aikinsa.

"Maigida, ni famfo na iya," in ji shi. "Wannan ba layina ba ne."

A cikin ramin wata tukunya ce baƙa ƙirin, an ɗaure bakinta da fata, an naɗe ta da sarƙa, an datse sarƙar da kwaɗo. Ƙasar da ke kewaye da ita jiƙe take da ruwan bututu, amma jikinta a bushe ƙayau. Mai Gilashi ya mayar da tayil ɗin da kansa, ya kulle ɗakin, ya ce wa matarsa an gama gyara.

Ya sha wuya kafin ya gano inda tsohon mai gidan yake. Da can babban ɗan kasuwar siminti ne, ana jin sunansa. Ya same shi a bayan shagon wani ɗan'uwansa, cikin wani ɗan ɗaki da ba shi da ƙyaure sai labule. Ya rame, ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa. Da Mai Gilashi ya zaro makullin don ya nuna masa, sai mutumin ya ɓoye hannayensa biyu a hammata kamar an nuna masa garwashi.

"Wa ka ba?" ya tambaya da sauri.

"Ban ba kowa ba. Na zo ne in ji me ka binne mini a gida. Yoyon da ka bar mini bai isa ba?"

"To ka gode wa Allah." Tsohon mai gidan ya sauke numfashi. "Ka je wurin bokan da ya binne ta, ya tone ta. Kai zai tone maka, tunda ba ka fara ba. Ni na yi nisa, shi ya sa na gudu." Ya kwatanta masa wurin. Da Mai Gilashi ya miƙe, sai ya kamo gefen rigarsa. "In ya ce ka zauna, kada ka zauna. Ka faɗi abin da ya kai ka a tsaye, ka fito."

Da niyyar tonewa ya tafi, wannan gaskiya ne, kuma daga baya ya sha riƙe wannan gaskiyar yana lallashin kansa da ita. Rana tsaka ya isa, bayan wani tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa. Ɗakin bokan ba shi da taga ko ɗaya. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga bango huɗu duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da makulli a rataye, manya da ƙanana, na gida da na akwati, suna ɗan kaɗawa alhali babu iska. A tsakiya akwai kwano mai faɗi cike da baƙin ruwa, an kafa ƙahoni a kewayensa, gefe guda kuma kasko na fitar da hayaƙi mai ƙaurin gashi. Warin tsatsa ya cika wurin har ana jinsa a harshe.

Bokan bai yi kama da abin da ya zata ba. Ɗan siririn mutum ne mai tsabta, farcensa a yanke, muryarsa a ƙasa kamar ta likita.

"Sabon mai gida," in ji shi. "Zauna."

"A tsaye ma ya isa. Tukunyarka na zo ka ɗauke."

"Sai in ɗauke. Ba ko sisi. Gobe ma in ka so." Bokan ya gyara garwashin kasko da tsinke. "Ka koma ka ci gaba da tare yoyo da bokiti. Masu injin nan na bakin titi kuma, kafin shekara ta zagayo, kai za ka je kana roƙon su ɗauke ka aiki. Surukanka su ce ai dama sun faɗa."

Mai Gilashi bai san yadda aka yi ba. Ya tsinci kansa zaune a kan buzu.

"Me take yi?" ya tambaya.

"Kowane ɗan Adam da rabonsa yake yawo. Wani rabonsa ya fi ƙarfinsa, bai ma san yana da shi ba. In ka miƙa wa mutum makullin nan da hannunka, ya karɓa da nasa, ya sa kansa a kan gadon nan barci ya ɗauke shi, to rabonsa ya sauka a gidanka. Shi ke nan."

"Iyalina fa?"

"Ka ba su makullin ne? Ɗaki baƙo yake so."

"Shi baƙon me zai same shi?"

"Abin da ke samun mutane kullum. Wani ya nemi aiki bai samu ba. Wani ya kasa kaya ba a saya ba. Ka taɓa jin an kama wani a kan haka?"

Mai Gilashi ya ce, "Ba na son jini. Ba na son mutuwa."

"Ni na ambaci mutuwa?" Bokan ya ɗago ya dube shi a karon farko. "Kai ka zo da ita a bakinka."

Ya kamata ya tambayi me ke saura ga mutum in an kwashe rabonsa kaf, har na lafiya, har na hankali, har na kwana. Tambayar ta zo masa har maƙogwaro. Ya san in ya yi ta za a ba shi amsa, shi ya sa bai yi ba.

Bokan ya karɓi makullin ya tsoma a baƙin ruwan, ruwan ya yi ƙara kamar an jefa ƙarfe mai zafi. Ya tsaga tafin hannun Mai Gilashi da aska, ya ɗora makullin a kan tsagar, ya dunƙule masa yatsu a kai da ƙarfin da bai dace da jikinsa ba. Ya yi ta magana ƙasa ƙasa cikin wani harshe, makullan bango suka ɗauki kaɗawa gaba ɗaya, sannan suka tsaya cak. Da ya buɗe hannun babu jini ko ɗigo. Makullin ya shanye.

Baƙon farko bai wahalar da shi wajen nema ba. Ƙanin matarsa ne, wanda duk dangi ke kira Injiniya tun kafin ya gama karatu. Wani babban kamfani ya kira shi ganawa, yana bukatar wurin sauka. Saurayi ne mai barkwanci, ya shigo yana ɗaga yara sama, yana tsokanar yayarsa wai ta yi ƙiba tunda ta zama matar mai bene.

"Yaya, in na samu aikin nan, ni zan gyara muku wayoyin gidan nan kyauta," in ji shi. "Wanda ya haɗa su ko dai makaho ne ko maƙiyinku."

Mai Gilashi ya ce a ransa aiki ɗaya ne, yaro ne, zai samu wani. Ya miƙa masa makullin. Injiniya ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara arziki.

A cikin makon nan aka kira Mai Gilashi aka ba shi aikin tagogin wani dogon bene gaba ɗayansa, aikin da ko a mafarki bai taɓa nema ba. Injiniya kuwa ya je ganawa, aka yi masa tambayar da ya fi kowa sani, ya buɗe baki babu abin da ya fito. Ya dawo ya kwanta. Ya fara yini yana barci. Barkwancin ya tafi, sannan maganar ma ta tafi. Wata rana aka tsinto shi a wata unguwa da lanƙwasasshiyar ƙusa a hannu, yana bin ƙofofin mutane ɗaya bayan ɗaya yana ƙoƙarin buɗewa, yana kuka wai an kulle masa abinsa a ciki. Aka kai shi asibiti, aka kai shi wurin masu addu'a, aka dawo da shi gidan yayarsa, ta gyara masa wani ɗaki a sama tana ba shi abinci a baki.

Mai Gilashi ne ya ɗauki nauyin maganin duka. Surukansa da ke 'yar magana a da suka zo har gida suna sa masa albarka. Ya sunkuyar da kai yana amsawa, suka ɗauka kunya ce.

Aka sauya rufin gidan, aka zare tsoffin wayoyi, famfo ya daina kuka. Ya sayi injunan da suka fi na masu bakin titi, ya buɗe katafaren sito. Sai Kawu, ƙanin mahaifinsa, ya zo ganin likitan ido. Ido kawai. Tsoho ne mai ƙarfi, mai gonaki da dabbobi, wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Mai Gilashi ya ce a ransa ai ya ci zamaninsa, abin da ya rage masa kaɗan ne. Kawu ya yaba sanyin ɗakin. Bai koma gida da ƙafarsa ba.

Bayan jana'izar Mai Gilashi ya yi rantsuwa ya daina. Ya tsaya a kan gada ya wurga makullin cikin kogi, ya ga faɗawarsa da idonsa. Da ya isa shago ya sa hannu a aljihu zai ciro waya, sai ya ji shi, da ɗuminsa. Ya bar ɗakin a kulle duk da haka. Gilasai suka fara tsagewa a sito ba wanda ya taɓa su. Wannan bai dame shi ba sosai. Abin da ya karya shi shi ne ranar da ya dawo da la'asar ya tarar da 'yar autarsa zaune a ƙofar ɗakin baƙi, ta jingina kunnenta da ƙyauren.

"Baba, ana kirana a ciki," in ji ta.

Washegari ya ba wani direban babbar mota masauki.

Daga nan ya daina zaɓen dangi. Matafiyi, mai neman aiki, wanda aka kora daga haya. Sunansa ya zagaye unguwa, ana cewa ga mutumin da arziki bai sa ya manta da talaka ba, ƙofarsa a buɗe take. In aka faɗi haka a gabansa sai ya sauya magana. Ya daina haɗa ido da matarsa. Ya daina hawa sama ta gefen ɗakin Injiniya, don duk sanda ya wuce, saurayin kan daina wasa da ƙusarsa ya bi aljihunsa da kallo. Ita kuwa matar ba mai yawan magana ba ce a kan abin da ba ta tabbatar ba, amma tana gani. Ta lura ba ya taɓa bari ita ta ba baƙo makulli. Ta lura ba ya shiga ɗakin ko da rana.

Sai Inna ta aiko cewa za ta zo ta zauna da su. Mahaifiyarsa ce, shi ne autanta, ita ta riƙe shi ita kaɗai bayan rasuwar mahaifinsa. Gwiwoyinta sun gaji, likita ya hana ta hawa matakala ko da taki biyu ne. Ɗakin kwana ɗaya ne a ƙasa, na baƙi.

Ya tara magina a ranar, ya sa aka fara gina mata ɗaki a tsakar gida, yana tsaye a kansu yana azalzala.

"Ga ɗaki a gyare, ga banɗaki a ciki," in ji matarsa. "Me ya sa sai an yi sabo?"

"Ɗakin baƙi ne. Inna ba baƙuwa ba ce."

Ta bi shi da kallo.

Inna ba ta jira ranar da aka sa ba. Ta samu motar wani maƙwabci da ke tahowa, ta biyo shi. Da azahar aka kira Mai Gilashi a shago, ya taho a guje, ya tarar da ita a cikin mota a ƙofar gida, ta kasa saukowa. Sabon ɗakin ko rufi ba a ɗora masa ba. Tarin makullansa na hannunsa, don da su ya buɗe get. Ya sunkuya zai ɗauke ta, makullan suka hana shi riƙe ta da kyau.

"Inna, riƙe mini," in ji shi.

Ta karɓa.

Sai da ya shigo da ita falo ya zaunar, ya ga tana juya tarin a cinyarta, sannan ya gane abin da hannunsa ya yi.

"Wannan mai ƙyallin na ina ne?" in ji Inna.

"Na ɗakin nan ne, Inna," in ji matarsa. "Bari in buɗe miki ki miƙe ƙafa."

"A'a!" Muryarsa ta fito da ƙarfin da ya sa yara suka daina murna. "Ba a gyara ba. Akwai ƙura."

"Da safe na share."

"Akwai sauro. Gadon ya lalace. Inna, kawo makullan, otal zan kai ki, mai kyau, kafin a gama naki."

Inna ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji mini Auta! Ka saukar da direbobi da 'yan ci-rani, uwarka kuma sai otal? Kunyata kake ji, don na zo da buhu maimakon akwati?" Ta miƙa wa surukarta hannu. "Tashe ni, 'yar nan. Bayana kamar an daka."

Matarsa ba ta motsa nan take ba. Shi take kallo. "Baban yara," ta ce a hankali, "in akwai abin da ke ɗakin nan, ka faɗa yanzu."

Daga sama ana jin ƙarar ƙusar Injiniya yana ƙwaƙular ƙofarsa. Mai Gilashi ya buɗe baki. Magana ɗaya ce, da ya faɗe ta da babu mai barin Inna ta taka ɗakin. Amma faɗinta na nufin matar nan ta san wanda ya mayar da ƙaninta haka, Inna ta san abin da ya kashe ƙanin mijinta, unguwa ta san mai ƙofa a buɗe. Ya lissafa a ransa cewa tsohuwa ba ta barci da wuri bayan doguwar tafiya, sai ta yi sallah, sai ta ci abinci, sai ta yi hira da jikoki. Zai samu lokaci. Zai kawo likita ya ce sanyin ɗakin zai cutar da gwiwarta, Inna tana jin maganar likita.

"Babu komai," in ji shi. "Ku dai ja ta da hira. Kada ta kwanta, yanzu zan dawo."

Bai daɗe ba. Da ya dawo da likitan, gidan shiru, an kori yara sama kada su yi hayaniya. Ƙofar ɗakin baƙi a buɗe. Inna na kwance a kan gado, ko mayafinta ba ta cire ba, tafin hannunta ƙarƙashin kunci, tana barci irin na jarirai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Aiki ne, mafi girma da aka taɓa ba shi.

Ya ɗauke ta cak ya fito da ita falo yana kiranta. Ta buɗe ido, ta dube shi da fara'a, irin fara'ar da ake yi wa mutumin kirki da ba a sani ba.

"Sannu, maigida," in ji ta. "An gode da masauki. Ɗana zai zo ya ɗauke ni, Auta, mai haɗa tagogi. Ko ka san shi?"

Ya koma wurin boka a ranar, ya zube yana roƙo a ɗauki nasa a mayar mata. Bokan ya ce abin da ya shiga tukunya ba ya fitowa. Ya dawo ya shiga ɗakin da kansa, ya miƙa makullin daga hannun dama zuwa na hagu, ya kwanta a gadon ya yi ta jira. Ya tashi garau. Mai gida ba baƙo ba ne, ɗakin ba ya son sa.

Inna ba ta ƙara gane shi ba. Kullum in ya kawo mata ruwa sai ta gode masa, ta sa masa albarka, ta ce uwar da ta haife shi ta yi dace, sannan ta tambaye shi ko Auta ya iso. Tana wannan tambayar ta cika.

Bai karɓi babban aikin ba, bai kuma ƙara ba kowa makullin ba. Gilasan sito suka farfashe a tsaye, layi bayan layi, ma'aikata suka gudu. Injuna suka tsaya. Waɗanda ya yi wa aiki suka dawo da ƙorafi, tagogi na zubowa daga benaye. Silin ɗin ɗakin yara ya koma yoyo a daidai inda yake yi da, famfon kicin ya dawo da kukansa.

Masu sauraro, kada wani ya ce boka ne ya yaudare shi. Boka bai ɓoye masa komai ba face abin da shi ya ƙi tambaya. Duk dukiyar da aka ce za ta zo maka ba da guminka ba, to daga jikin wani za a yanko ta, kuma wanda ya yarda a yanki na nesa ya riga ya miƙa wuƙar da za ta iso na kusa. Mai kwaɗayi yakan ɗauka shi ke zaɓen wanda za a ci. Ba shi ba ne. Ku ji tsoron Allah, ku riƙe ɗan abin da kuka samu ta halal, ko da a ƙarƙashin rufi mai yoyo ne.

Bayan an watse daga zaman makokin Inna, Mai Gilashi ya faɗa wa matarsa. A kicin ya same ta tana wanke kofuna. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi komai, tun daga tukunya har zuwa ranar da ta ce ya faɗa ya ce babu komai. Ya so ta yi ihu, ta zage shi, ta jefe shi da abin da ke hannunta. Ta ƙarasa wanke kofin, ta kife shi, ta goge hannunta.

Ta hau sama. Ya ji ana buɗe durowa ana rufewa. Da ta sauko, yaran na gabanta da 'yan jakunkunansu, ta riƙo hannun Injiniya yana biye da ita a hankali, ƙusarsa a dunƙule. A bakin ƙofa ta tsaya ta ciro nata makullan gidan daga jaka. Mai Gilashi ya miƙo hannu zai karɓa.

Ta dubi hannun. Sannan ta sunkuya ta ajiye su a ƙasa, ta gyara wa ƙaninta wuyan riga, suka fita.